Ƙorafe-ƙorafen Masoyan Doctor Who: Shirin da Muke Zagi Amma Mun Kasa Bari

 Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda suka fi son karatu. Na bar shi yadda na faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Yau zancen Doctor Who za mu yi. Abin da ya jawo shi kuwa, ina da wani aboki da muka fi shekara 10 muna kallon shirin nan tare. A 2020 ya rantse ya daina, har muka yi cacar baki, muka yi watanni ba ma ko gaisawa a waya saboda wasan talabijin. To kwanan nan sai ga saƙon murya daga wajensa, mai tsawon gaske, yana ta surfa wa shirin masifa kashi bayan kashi. Na ce masa, malam, ba kai ka ce ka daina kallo ba? Ya ce ai yana kallo ne don ya tabbatar ya lalace. Daga nan na ce bari in zauna in tattaro manyan ƙorafe-ƙorafen masoyan shirin, in faɗi inda kowanne ya samo asali, da wanda nake ganin yana da hujja da wanda ba shi da ita. Amma fa ku sani, zan tona abubuwa da yawa na cikin labarin.

Ga wanda bai san shi ba, Doctor Who ƙagaggen labarin kimiyya ne na BBC. An fara nuna shi a Ingila ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kashe shugaban Amurka John Kennedy. Jarumin ana kiransa Dakta. Ba ɗan Adam ba ne, daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, zuciya 2 gare shi, yana yawo a cikin wani jirgi mai suna TARDIS wanda yake kai shi kowane zamani da kowace duniya. Daga waje jirgin kamar tsohon akwatin wayar 'yan sandan Ingila ne mai shuɗin fenti, amma cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. An yi zango 26 aka tsayar da shi a 1989, aka yi fim ɗaya a 1996, sannan Russell T Davies ya dawo da shi a Maris 2005.

Sirrin daɗewarsa shi ne sauya jiki. A 1966 jarumin farko, William Hartnell, rashin lafiya ta matsa masa. Maimakon a rufe shirin, sai marubuta suka ƙirƙiro cewa Dakta idan ya kusa mutuwa jikinsa yana sabuntawa, ya fito da sabuwar fuska da sabon hali. Patrick Troughton ya karɓa. Kun san yadda muke ji a namu shirye-shiryen masu dogon zango idan an wayi gari an canza jaruma ba bayani? To su sun mayar da canjin ya zama cikin labarin. Ku riƙe wannan, domin kusan duk rigimar da za mu ambata daga nan take tasowa: shiri ne da aka gina a kan canji, masoyansa kuma kowa yana son a tsaya a inda ya shigo.

Ƙorafi na farko, sukundireba. Dakta yana da wani ɗan ƙarfe mai haske da ƙara, sukundireba mai aiki da sauti. Ya fara fitowa a 1968, kuma aikinsa a lokacin bai wuce kwance noti ba. Da tafiya ta yi nisa sai ya koma buɗe kowace ƙofa, gwada mara lafiya, kutse a kwamfuta, tarwatsa makamin abokan gaba. Masoya suna cewa ya zama sandar tsafi. Kuma wannan kukan ba na yau ba ne, domin a 1982 furodusa John Nathan-Turner ya sa aka lalata shi a cikin labarin The Visitation, saboda yana ganin yana sauƙaƙa wa Dakta komai. Bai sake fitowa ba sai 1996.

To me ya sa ya dawo da ƙarfinsa a 2005? Amsar tana cikin tsawon lokaci. A tsohon tsari labari ɗaya yakan ɗauki kashi 4 ko 6, kowanne minti 25. Idan an kulle Dakta a ɗaki, akwai sararin da zai zauna ya yi dabara. A sabon tsari yawanci labari ɗaya minti 45 ne kacal, ba marubucin da zai ɓata minti 5 a bakin ƙofa. Ni a nan ina tsakiya. Ya buɗe ƙofa da shi, ba damuwa. Amma idan babbar matsalar da aka yi minti 40 ana ginawa aka warware ta da ɗaga sukundireba sama, wannan kam an cuci mai kallo. Su kansu masu shirin sun sani, domin a kashin cika shekara 50 na 2013 sun sa Daktan da John Hurt ya fito a matsayinsa yana yi wa sauran biyun ba'a a kan yadda suke nuna shi kamar bindiga.

Na biyu, Dalek. Waɗannan su ne manyan abokan gaban Dakta tun Disamba 1963. Terry Nation ya rubuta su, Raymond Cusick ya zana siffarsu, kamar tukunyar ƙarfe mai tafiya a kan taya. Shekaru da yawa ana yi musu dariya cewa masu son cinye duniya amma matakalar bene ta gagare su, har sai da aka nuna ɗaya yana tashi sama a kan matakala a 1988. Ƙorafin yanzu shi ne an cika dawo da su. A 2005 an yi kashin da Dalek guda ɗaya tak ya addabi sansani guda, kowa ya tsorata. Bayan haka sai aka riƙa kawo su dubbai, ana hallaka su gaba ɗaya, baɗi kuma su dawo. Abokin gabar da kullum ake cin sa da yaƙi, wa zai ji tsoronsa? A 2010 aka sake musu fasali, manya masu launi ja da shuɗi da rawaya da ruwan lemo da fari. Masoya suka yi caa, suka ce kayan wasan yara ne, masu shirin kuma a hankali suka tura su baya suka dawo da tsofaffin. Wannan ƙorafin na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Na uku, mutuwar da ba ta zama. Rory, mijin Amy, ya mutu ya dawo har abin ya zama barkwanci a cikin shirin. Clara ta mutu a 2015, mun yi jimami, kashi 2 a gaba aka ciro ta. Gallifrey kuwa, a 2005 aka ce ta ƙone a yaƙi, Dakta shi kaɗai ya rage, kuma wannan maraicin shi ya ba sabon shirin nauyi. A 2013 aka ce ashe ba ta ƙone ba, ɓoye ta aka yi. A farkon 2020 aka sake rusa ta. Haba jama'a! Mai kallo yana ba da hawayensa ne bisa amana. Idan ka karɓa sau biyu ka ce wasa kake, karo na uku ba zai ba ka ba. Dalilin da ya sa hakan ke faruwa shi ne kowane babban marubuci da nasa ra'ayin: Davies daga 2005, Steven Moffat daga 2010, Chris Chibnall daga 2018, Davies kuma ya dawo a 2023. Kowa ya zo sai ya kwance wani abu da na gabansa ya ɗaura.

Na huɗu, sararin samaniya duk faɗinsa amma kullum muna Birtaniya. Jirgin da zai iya zuwa ko'ina, sai ka ga baƙin halittu ba su da wurin sauka sai Landan ko Kadif. Abokan tafiyar Dakta ma haka. A da akwai Jamie, ɗan Sikotilan na shekarar 1746, akwai Zoe daga zamani mai zuwa, akwai Leela jarumar wata ƙabila a wata duniya, akwai Romana 'yar garinsu Dakta. Daga 2005 kuwa manyan abokan tafiya kusan duk 'yan Birtaniya ne na wannan zamanin: Rose, Martha, Donna, Amy, Clara, Bill, Yaz, Ruby. Hujjar masu shirin ita ce mai kallo yana buƙatar wanda zai ga kansa a jikinsa, sannan ga kuɗi, domin ɗaukar fim a titi ya fi gina sabuwar duniya araha. Na fahimta, amma mu da muke kallo daga nan ai ba mu taɓa zama 'yan Landan ba, kuma bai hana mu bin labarin ba. Shi ya sa na ji daɗin kashin The Story and the Engine na Mayu 2025, wanda labarinsa ya faru a shagon aski a Legas. Wanda ya rubuta shi, Inua Ellams, a Jos aka haife shi.

Na biyar, ƙananan abubuwa masu cin rai. Ka kira jarumin da suna Doctor Who a gaban riƙaƙƙen masoyi ka ga yadda zai gyara maka zama, ya ce sunansa Dakta kawai, wancan sunan shiri ne. Alhali har zuwa 1981 haka ake rubuta sunansa a jerin 'yan wasa na ƙarshen kowane kashi. Sai lissafi. David Tennant shi ne Dakta na 10, shi ne kuma na 14. John Hurt yana tsakanin na 8 da na 9 amma ba shi da lamba. Zangon 2024 an kira shi zango na 1, bayan akwai zango na 1 a 1963 da wani a 2005. Sai kiɗa, da yawa suna kukan yana danne maganar 'yan wasa. Sai ƙarancin kashi: 13 a 2005, 10 a 2018, 8 a 2024. Idan zango ya gajarce haka, ba ka gama sabawa da Dakta ba sai ka ji zai tafi. Ncuti Gatwa zango 2 kawai ya yi, a ƙarshen Mayu 2025 ya sauya jiki, sai ga fuskar Billie Piper wadda ta fito a Rose shekara 20 kafin nan. Wasu suka yi murna, wasu suka ce shirin ya koma cin tsohon tuwo.

To yanzu ga babbar rigimar, wadda ta raba ni da abokina. A 1976, a labarin The Deadly Assassin, aka kafa doka cewa mutanen su Dakta sau 12 kawai suke iya sauya jiki, wato rayuwa 13. Aka riƙe wannan shekaru da yawa. A Kirsimetin 2013 da lissafin Matt Smith ya cika, aka ba shi sabon zubi, aka wuce wurin. Sai ranar 1 ga Maris 2020, a kashin The Timeless Children, Chibnall ya ce ashe Dakta ba ma ɗan Gallifrey ba ne. Yarinya ce tsintacciya daga wani wuri, mai sauya jiki ba iyaka, daga jikinta mutanen Gallifrey suka samo baiwar, kuma ta yi rayuwa da yawa kafin Hartnell waɗanda aka goge mata daga ƙwaƙwalwa.

Hujjar abokina mai ƙarfi ce, ba zan rage mata komai ba. Ya ce daɗin Dakta shi ne shi ba kowa ba ne a garinsu, wani ne da ya gaji da zaman manya masu naɗe hannu, ya saci jirgi ya gudu, ya zaɓi taimakon mutane da kansa. Idan ka ce tun asali shi na musamman ne, ka mayar da zaɓi ya koma gado. A wannan na ba shi gaskiya, har gobe ban so wannan juyin ba.

Inda muka rabu shi ne da ya ce an karya tarihin shirin. Wane tarihin? Shirin nan ya ba da bayani 3 mabambanta a kan nutsewar birnin Atlantis, a 1967 da 1971 da 1972. Dakta na 7 ya ce shekarunsa 953 a 1987, na 9 ya zo a 2005 ya ce 900. A fim ɗin 1996 an ce rabinsa ɗan Adam ne ta wajen uwa, daga baya kowa ya yi kamar bai ji ba. A farkon 1976 ɗin ma, a labarin The Brain of Morbius, an nuna wasu fuskoki da ake nufin rayuwar Dakta ce kafin Hartnell. Abin da ya fi ba ni dariya, ita kanta The Deadly Assassin da ake karewa yau kamar gadon kaka, lokacin da ta fito shugaban ƙungiyar masoyan shirin ya rubuta mata zazzafar suka, yana ganin ta zubar da darajar mutanen Gallifrey. Abin da aka zaga a 1976 shi ake rantsuwa da shi a 2020. Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Akwai kuma wani nau'in ƙorafi da ba na sa shi a layi ɗaya da waɗannan. A Yuli 2017 aka sanar Jodie Whittaker ce za ta zama Dakta, mace ta farko da ta ja shirin. A Mayu 2022 aka sanar da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan. Kafin a ga ko minti ɗaya na aikinsu wasu sun riga sun yanke hukunci. Ni ma'aunina mai sauƙi ne. Idan ka ce a zamanin Whittaker abokan tafiya 3 sun yi yawa har Yaz ta rasa abin yi, wannan sukar rubutu ce, kuma na yarda. Idan ka ce ƙarshen zangon Gatwa an yi shi a gurguje, za mu zauna mu tattauna. Amma idan ka yarda halitta mai zuciya 2 tana yawo a akwati tana canza fuska, abin da ya gagare ka haɗiya kawai shi ne fuskar ta zama ta mace ko ta baƙar fata, to matsalar ba a rubutun take ba. Ɓarnar da masu irin wannan suke yi ita ce suna sa a daina sauraron masu suka ta gaskiya, a haɗa kowa a kwando ɗaya.

Na bar ƙorafi ɗaya a ƙarshe, domin shi ne wanda duk masoya suka haɗu a kansa, kuma ya taɓo mu kai tsaye. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978, BBC ta riƙa goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryenta don a sake ɗauka a kansu, ana kuma zubar da kwafin fim. Kaset yana da tsada, wurin ajiya ya yi kaɗan, ba wanda ya yi tunanin za a sake neman wasan baƙi da fari. Har yau sama da kashi 90 na zamanin Hartnell da Troughton babu su, ciki har da kashin da aka fara sauya jiki a 1966, sai 'yan guntayen hotuna da sautin da masoya suka naɗa a gida daga talabijin.

To ina ake samo waɗanda suka dawo? Da yawa daga ƙasashen da BBC ta sayar wa kwafi ne. A Oktoba 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos. Eh, Jos ɗinmu ta Filato. Kashi 9 da aka fitar da rai da su suka dawo, 5 na The Enemy of the World da 4 na The Web of Fear, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Ku ji wani abu kuma. Kafin nan kashi ɗaya kawai ake da shi na The Enemy of the World, kuma masoya da yawa sun ɗauke shi labari ne mai sanyi. Da aka gan shi cikakke, aka ga yadda Troughton ya fito a mutum biyu, Dakta da mugun Salamander, sai ra'ayi ya juya, ya shiga sahun waɗanda ake yabo. Shekaru ana yanke wa labari hukunci da kashi 1 cikin 6.

Wannan ya sa nake tambayar kaina, mu namu fa? Wasannin kwaikwayon da iyayenmu suka kalla a talabijin, irin su Samanja, wa yake riƙe da kaset ɗinsu, a wane hali suke? Idan gwangwanin Turawa ya yi shekaru a ɗakin ajiya a Jos har aka zo aka same shi, ya kamata mu ma wani ya buɗe ɗakunan ajiyar nan ya duba namu tun kafin zafi da ƙura su gama da su. Duk wanda yake aiki a gidan talabijin ko ya san wanda ya yi, don Allah ya yi mana bayani.

Abokina kuwa mun shirya. Na ce masa ya ci gaba da ƙorafinsa, ni ma ina da nawa, ga su nan kun ji. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ya kalli abu ya gama kafin ya zage shi, kuma ya faɗi abin da ya lalace a rubutun, ban da zagin wanda ya ji daɗinsa. Ya ce ya ji, amma maganar yarinyar nan tsintacciya ba zai taɓa yafewa ba. Na ce wannan tsakaninsa da Chibnall ne.

Ku kuma fa? Wanne ne ya fi ci muku rai a cikin waɗannan, kuma wanne na manta? Wane Dakta kuka fara da shi? Ku ajiye mana a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wanda bai taɓa kallo ba kuma yana son gwadawa, ya fara da zangon 2005, ko ya nemi kashin Blink na 2007, minti 45 ne, ba ya buƙatar sanin komai kafin shi.